Zare a Ƙafar Durgu

Iliya da Rifkatu, ku za ku fara karanta wannan babin, amma ba ku kuka zaunar da ni rubuta shi ba. Amaryata ce ta sa ni, Saratu ƙarama, 'yar Rifkatu. Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada kuka ba ta waya ta gaishe ni. Muka taɓa tsokanarmu ta kaka da jika, na ce yaushe za ta tare, ta ce ita ba ta auren tsoho mai sanda. Sai ta jefo mini tambaya da Hausarta ta Abuja mai tafiya tana tuntuɓe:

"Kaka, wai da gaske ne ka fi son kaji a kaina?"

Na ji an karɓe wayar da sauri, aka shiga tambayata ya ƙafa, ya ruwan sama. Yarinya ba ta ƙirƙiro wannan magana ba, a gida ta tsince ta. Na san abin da kuke faɗa, kada ku zaci kunnena ya mutu. "Baba da ƙwansa." Na ji shi a bakin Iliya ran wata Kirsimeti a gaban surukai, kowa ya yi dariya, ni ma na taya ku. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, shi ya sa na haɗiye zancen shekara da shekaru. Amma maganar da ta kai kunnen jika ta wuce wasa, don haka ku gyara zama.

Kun tashi kun tarar da kajin mamanku a tsakar gida, durgu, masu gajerun ƙafafu, suna tafiya kamar an ɗaura musu zani. A wurinku kaji ne kawai, masu ɓata shanya da hawa kan tabarma. Abin da ba ku sani ba, a dangin mamanku can wajen Nok, kaka ce ke ba 'yar 'yarta kaza daga cikin nata, ta ɗaura mata zare daga bakin zaninta a ƙafa. Ba a sayowa a kasuwa, kuma ba a ba ɗa namiji. Ke Rifkatu ba ki samu ba, don kakarki ta rasu tun ba a haife ki ba, shi ya sa ba ki taɓa ganin an yi ba. Mamanku kuwa ta samu tata, kuma a cikin kwando ta shigo da jikokin kazar nan Kafanchan ranar da aka kawo mini ita, lokacin muna kwatas ɗin reluwe. Tana da doka guda a kansu: durgu ba ta auren durgu, in ba haka ba 'yan tsakin a cikin ƙwai suke mutuwa. Saboda haka duk shekara sai ta leƙa ta kan katanga ta aro dogon zakara daga gidan Malam Garba mai hatsi. Har a shekarun da garin nan ya rikice, mutane suka daina gaisawa a hanya, zakaran gidan Malam Garba bai fasa zuwa neman aure gidan 'yar zumuntar matan ikilisiya ba, kuma ba wanda ya kai ƙara.

Rifkatu, kin daɗe ba ki samu haihuwa ba, kin san irin addu'ar da aka sha. Da cikinki ya fito, wata safiya na tarar da mamanki zaune bakin kicin da sagara a cinyarta, wata ja mai ɗigon fari a wuya, tana zare zare daga bakin zaninta na zumunta. Na ce mata:

"Maman Iliya, in kuma namiji ne fa?"

"In namiji ne ka ba shi gudumarka ta reluwe. Mace ce."

"To, kin gaya wa uwar?"

"Ba a yi wa ɗan ciki kyauta da baki. In ta sauka, da hannuna zan kai."

Ba ta kai ba. Kun san sauran: zazzaɓin da muka raina, asibiti, sannan shiru. Farkon damina ne, ƙasa ta fara laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba.

Ranar jana'iza mutanen Nok suka zo mota-mota, fiye da yadda kowa ya zata, ga 'yan zumunta daga ikilisiyoyi daban-daban, ga tsofaffin abokan aikina, ga mutanen kasuwa. Ni ina ƙarƙashin rumfa ana ta miƙo mini hannu, ban san abin da ake yi a bayan kicin ba. Da la'asar aka kawo mini tuwon acca a kwanon mamanku mai murfi, aka ce sai na ci ko loma ɗaya. Na sa hannu a miya na ɗago nama, sai ga ƙafar kaza, gajeruwa, ba ta kai tsawon yatsana ba. Na mayar da ita na rufe kwanon. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya hana ni ci, kuma ba su yi ƙarya ba.

Washegari da safe na zagaya baya. Akurki a buɗe, ko ɗaya babu. Ga tarin gashin kaji a jiƙe a gindin gwanda. Na sa sanda na tona, na tona, har na ga zaren, an yanke shi da wuƙa. Mama Laraba, shugabar zumuntar mata, tana wanke manyan tukwane a gefe. Na tambaye ta wa ya ce a yanka kajin. Ta amsa da Hausarta ta mutanenmu:

"Rifkatu ne ya ce a kama su, Baba. Nama ya kasa. Ya ce kada mutanen Mama su koma gida da yunwa."

Rifkatu, ki karanta nan da kyau, kada ki tsallake. Ba ki yi laifi ba. Kina zaune a kan kujera da tsohon ciki da kumburarrun ƙafafu, kina juya taron da ya fi ƙarfin maza, kin yi abin da uwarki za ta yi da tana tsaye. Baƙi sun ci sun ƙoshi, ba a kunyata ta ba. Ba ki san da zare ba, ba wanda ya gaya miki. Na sa zaren a aljihu, na ce wa Mama Laraba ta yi daidai, Allah ya saka.

Da kuka watse gida ya koma nawa ni kaɗai, ina neman gawayi a sito, sai na ɗaga wani tsohon buhu na ga ƙwai tara a bayansa, ƙanana, irin na kazar da ta fara yi. Na san wurin. Jar sagarar nan ce ke shigewa can, mamanku tana korarta tana komawa. Na durƙusa a gaban ƙwan nan na daɗe ban tashi ba. A duk duniya abin da ya rage na kajin kakar mamanku ke nan, kuma ƙwai ba ya jiran mutum ya gama makoki.

Na bi unguwa gida-gida ina neman kaza mai kwanci. Yawancin mutane yanzu kajin gidan gona suke kiwo, waɗanda ba su san kwanci ba sai ci. Wata mata tana da guda, amma ta yi nisa a kan ƙwan zabi. A ƙauye za a samu, sai dai kafin babur ya kai ni ta wannan hanya, ƙwan sun zama na soyawa. Malam Garba ma ba shi da mai kwanci a lokacin. Ya dube ni ta kan katanga ya ce:

"Baban Iliya, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka dafa abinka ka ci, ka ga yadda ka rame kuwa?"

Na gaya masa ko na wace kaza ne. Bai ƙara tsokana ba. Shi ya ce mini akwai masu sayar da injin ƙyanƙyasa a layin 'yan kayan lantarki.

Akwai manya masu kyau, fansho bai kai can ba. Na ɗauki ƙarami, na roba, kamar kular abinci, da murfi mai haske da ɗan allo mai nuna lambar zafi, aka haɗa mini da ƙaramin batir saboda ɗauke wuta. Mai shagon ya buga murfin da tafin hannu ya ce:

"Baba, wannan ba ya so komai. Ka sa ƙwai, ka sa ruwa, ka je ka yi barci. Shi da kansa yana juya su."

Araha ba ta ado. Na ɗora shi a kan teburin da mamanku ke ajiye Littafinta Mai Tsarki, na sa masa suna Madam, don tun da ya shigo gidan bai bar ni na zauna ba. In an ɗauke wuta ya yi tsiwa, in an kawo ya yi tsiwa, in ba a yi komai ba ma ya yi. Ba a je ko'ina ba abin juya ƙwan ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Na shafa wa kowane ƙwai gawayi a gefe guda don in gane inda na kwana, na koma juya su da hannu, safe da rana da yamma.

Kun san aikina a reluwe. In jirgi ya tsaya a tasha, ni ke bin tarago ɗaya bayan ɗaya da guduma, in ƙwanƙwasa ƙafa in saurara, sannan in ɗora bayan hannu in ji ko wani wuri ya ɗau zafi. Ina taƙama da hannun nan. To, ashe hannun da ya saba da ƙarfe bai san ɗumin ƙwai ba. Na taɓa, na ji daidai. Allon Madam kuma kullum lamba ɗaya yake nunawa, da sanyin safe da tsakar rana, ko gezau. Wannan ne ya dame ni, don ban taɓa ganin abu mai gaskiya da ba ya motsi ba. Sai na tuna akwai ma'aunin zafin jiki a jakar da muka dawo da ita daga asibiti. Jakar tana bayan ƙofa, tun ranar ban taɓa ta ba. Na buɗe. Ga silifas ɗinta, ga man shafawarta, ga zaninta na zumunta a ninke, shi kaɗai ya tsira daga rabon da 'yan'uwanta suka yi. Ƙamshinta ya taso. Abin da ban yi a gaban jama'a ba, a nan na yi shi, a ƙasa, bayan ƙofa. Da na gama na share fuska na sa ma'aunin a tsakanin ƙwan. Zafin da ya nuna, da mutum ne, da an kwantar da shi an sa masa ruwa. Madam dafa mini su take yi a hankali, tana nuna mini lambar lafiya.

Daga ranar na daina yarda da ita. In rana ta take, in tokare murfin da cokali. In hadari ya haɗo gari ya yi sanyi, in cire cokalin in lulluɓa mata tawul. In wuta ta daɗe ba ta zo ba, in miƙa wa Malam Garba batir ta kan katanga ya sa mini a caji a shagonsa. Na daina zuwa taron dattawan ikilisiya. Ran Lahadi a bencin baya nake zama, kafin a sa albarka na sulale. Gidan nan da kuka sani, mai hayaniyar tukwane da rediyo da mamanku tana waƙar zumunta tana watsa wa kaji dawa, ya koma ba abin da ake ji sai fankar Madam. Na kan dafa abu ɗaya in ci shi kwana biyu. Na kama kaina ina yi wa injin roba magana, ina ce mata ta ji tsoron Allah. Kaɗaici ba ciwo ba ne da za ka nuna wa likita wurinsa, amma na sha shi a shekarar nan har na ƙoshi. Da aka kwana biyu na rufe taga na haska ƙwan da tocila ɗaya-ɗaya. Biyar fayau suke ko sun yi baƙin zobe, zafin farko ya gama da su. Huɗu kuwa ga jijiyoyi ja, ga wani ɗan duhu yana motsi.

Ana cikin haka mijinki ya kira, Rifkatu. Ya ce an yi miki aiki, an samu mace, amma jininki ya hau sosai, likita ya ce kada a bari ranki ya ɓaci. Sannan ya ba ki wayar. Muryarki can ƙasa.

"Baba, mace ce."

"Mun gode wa Ubangiji. Sannu, 'yata, sannu."

"Sunan Mama za mu sa mata. Yaushe za ka taso?"

"Ba zan iya tasowa yanzu ba."

"Jikinka ne?"

"A'a. Ina da ƙwai a inji."

Sannan kika ce:

"Ƙwai. Baba, kowace mace a ɗakin nan uwarta na zaune kusa da ita. Ni ban ce ka yi mini wanka ba. Ka zo kawai ka zauna."

Maganar tana bakina. In na ce ƙwan kazar yarinyar ne, za ki ce wace kaza. In na ce wadda uwarki ta ɗaura wa zare, za ki ce tana ina. Daga nan fa? In gaya wa mai jego da ɗinki a ciki da hawan jini cewa kyautar ƙarshe da uwarta ta tanadar wa 'yarta, ita ta sa aka yanka aka zuba a miya? Na gwammace ki ɗauke ni tsohon banza. Na ce ki yi haƙuri, zan zo daga baya. Kika ce to, irin "to" ɗin uwarki in an kai ta bango.

Iliya ya kira da yamma, ransa a ɓace.

"Baba, ko kwando goma na 'yan tsaki kake so zan saya maka. Ka rufe gidan nan ka hau mota."

"Ba a sayar da irinsu."

"Haba Baba. Kaza fa kaza ce."

Malam Garba ya ce in kawo injin gidansa in tafi. Na yi tunanin haka ƙwarai. Amma shi tun asuba yake fita cin kasuwannin ƙauye, wani lokaci har Gwantu, uwargidansa kuma idonta ya yi rauni, ba za ta ga layin ma'aunin ba. Wannan shi ne dalilin da na ba shi. Na cikin zuciyata kuwa, huɗu suka rage, kuma ban yarda in juya musu baya ba ko wa zan bar wa.

Ana gobe suna aka yi iska da ruwa irin na farkon damina, ta karya turakun wuta a layinmu har da na bakin kasuwa. Batir ya yi iya yinsa ya mutu. Da safiyar ranar da kuke can kuna sa wa yarinya suna, na taɓa Madam na ji ta yi sanyi, karon farko da ta rufe bakinta. Gawayina ya jiƙe, da ƙyar na tafasa ruwa na zuba a gorar roba na sa a ciki, sai ya yi zafi fiye da kima, can kuma ya huce. Na dubi ma'aunin nan. Na ga ai zafin da ƙwai ke nema bai fi na jikin mutum da wani abu ba. Na ɗauko zanin mamanku, na naɗe ƙwan a auduga, na ɗaura su a cikina, fata da fata, na ɗora gorar ruwan ɗumi daga waje, na ja bargo, na zauna a kujerar falo kamar an dasa ni.

A haka 'yan zumunta suka same ni. Sun zo yi mini barka ne, da waƙa tun daga bakin ƙofa. Ban iya tashi na tarbe su ba. Mama Laraba ta matso.

"Baba, ba ka je suna ba? Jiki ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To wannan bargo da rana fa?"

Ta kai hannu za ta taɓa ni, na ce ta yi a hankali, akwai ƙwai. Bargon ya zame, suka ga dattijon ikilisiya ba riga, ɗaure da zanin matarsa. Waƙa ta tsaya. Ba wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Suka kewaye ni suka yi addu'a, wata ta roƙi Ubangiji ya dawo wa bawansa da hankalinsa. Na ce amin, don ba a ƙin addu'a. Mama Laraba ce kaɗai ta tsaya kallon bakin zanin, inda aka zare zare, ta dube ni, ta kau da kai. Ban sani ba ko ta gane. Na dai san kafin rana ta faɗi labari ya kai Abuja cewa Baba ya taɓu.

Da suka fita gidan ya ƙara yin shiru. Na zauna ina tunanin yanzu fasto ya ɗaga yarinya, yanzu an faɗi sunan, yanzu ana neman kakanta a ba shi ita ya sa albarka, ana cewa bai samu zuwa ba. Bayana ya ƙage, fitsari ya matse ni, ban motsa ba. Can da la'asar na ji wani abu a fatar cikina, kaɗan, kamar an taɓa ni da tsinke. Na ciro ƙwai ɗaya na kai kunne. Ƙwas, ƙwas. Duk rayuwata ni ke ƙwanƙwasawa in saurara. Ran nan daga ciki aka ƙwanƙwasa mini.

Malam Garba ya samo mini cajin batir a wurin mai janareta kafin magariba, na mayar da su cikin Madam. Biyu ba su fasa ba sam, suka zama bara-gurbi. Ɗaya ya huda ɓawo, fanka ta busar da shi a ciki, ya manne, na taimaka masa ya fito amma bai kwana biyu ba. Na ƙarshen ya fito da kansa, jiƙe sharkaf, ya faɗi ya tashi. Da ya bushe na ɗora shi a tafin hannu na sa tabarau na duba ƙafafun. Gajeru ne. Na kira wayarki don in ji muryar wani, ba ki ɗauka ba.

A kwali na rene shi, kusa da gadona, da fitilar ƙwai don ɗumi. Sai da ya yi gashi ya fara miƙa wuya yana gwada cara da wata muryar tsohuwar ƙofa, sannan na gane abin da Allah ya ba ni. Zakara ne. Na yi dariya har na yi tari, don na san da mamanku na nan da ta ce ga namijin da nake tambaya, sai in ba shi gudumata. Na leƙa katanga na gaya wa Malam Garba. Washegari ya miƙo mini doguwar kaza baƙa, ya ce:

"Shekara nawa muna ba ku ango. Bana ku karɓi amarya."

Ita ta yi kwancinta da kanta, ba tsiwa ba cokali. A cikin 'ya'yanta aka samu mace durgu, ja, sai dai babu ɗigon fari a wuya. Da ta zama sagara na zare zare daga zanin nan na ɗaura mata, na sa ta a kwando, na hau motar Abuja. Lokacin Saratu ta fara tsayawa da kujera.

Kin karɓe ni yadda ake karɓar uba, Rifkatu, ban ce kin rage komai ba. Kin durƙusa, kin kawo ruwa, kin miƙo mini yarinya. Ta ƙi ni, ta yi ta kuka, ba ta san ni ba. Sai kazar ta yi motsi a kwando, kika dube ta.

"Wannan ce ta hana ka zuwa?"

"Kazar yarinya ce. Daga kakarta."

"Kakarta tana ƙasa, Baba. Kakanta ne ke da rai, shi kuma bai zo ba."

Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce a bene kuke, mai gida ya hana kiwo, ina za ki kai kaza. Mijinki, mutumin kirki, yana son ya gyara zama, ya ce:

"Ba komai, Baba ya kawo mana tsaraba. Bari a yanka a yi masa farfesu."

Na jawo kwandon na ɗora a cinyata. Saura ƙiris in faɗa muku komai a wurin. Na dubi fuskarki, na ga har yanzu ramar uwarki ba ta sake ki ba, na mayar da maganar ciki. Da safe na hau mota da kwandona, yaron mota yana tambaya ko sayarwa zan yi.

Abin da na biya ke nan, kuma na san ba ni kaɗai na biya ba. Kin kwanta a asibiti ba uwa ba uba, wannan ba abin da zai goge shi, ba kuma na rubuta wannan don in ce ki daina jin zafinsa ba. Tun daga shekarar gaisuwarmu ta koma ta Lahadi, ya jiki, ya ruwa, a gaida yara. In kun zo Kafanchan a otal kuke kwana, ku leƙo da rana, yarinya tana cikin mota da wasan waya. Na yi shiru ne don kada ki ɗauki kaya, sai ga shi shirun ya zama wani kayan, har ya gangaro kan wadda aka yi abin dominta. Yanzu jininki ya sauka, kin yi ƙarfi, kin kai shekarun da uwarki ta haife ki. Za ki iya ɗauka. Iliya, kai kuma kada in ji ka buɗe baki a kan ƙanwarka game da wannan, ko da wasa.

Madam tana sito, a bayan buhun gawayi, ɓeraye sun ci wayarta. Ban sake kunna ta ba. Kaji kuwa sun cika tsakar gida, suna ɓata mini shanya. Waccan sagarar ta tsufa ta mutu, na ɗaura wa 'yarta zare, da ita ma ta tafi na ɗaura wa tata. Bakin zanin mamanku duk ya zama geza.

Ku karanta wa amaryata wannan, in Hausar ta yi mata nauyi ku juya mata. Ku ce mata tsoho mai sanda ya amsa tambayarta. Kazarta tana nan, ja ce, tana kwana a akurkin da ke gindin gwanda, kullum da safe ni ke buɗe mata. Idona ya fara gazawa, bana da ƙyar na ƙulla zaren. Ta zo ta karɓi abinta da hannunta, tun da sauran wanda zai nuna mata wace ce.